Shimfiɗa Biyu a Karuizawa

Ina da wani ɗan hali da na kasa rabuwa da shi: idan aka yi mini tambaya, amsar da na ga mai tambayar yana so ita nake ba shi. Ba zama nake yi in shirya ƙarya ba, bakina ne yake rigana. Mai aski ya riƙa mini madubi a ƙeya ya ce, "Ya yi?" in ce ya yi, alhali ya mayar da ni kamar sabon kurtu. Likita ya ce, "Ka ji sauƙi ko?" in ce sosai, in fito in jingina da bango. Shekarata hamsin da huɗu, ina aiki a wani kamfanin sayar da kayan gyaran lif a Tokyo, kuma kowa a ofis zai gaya maka Nonomura mutum ne mai sauƙin kai.

A watan Mayu muna cin abincin yamma, matata Sumie ta ajiye tsinkayen cin abincinta ta ce, "Baban Chizuru, zan koma wurin yayata a Niigata."

"Kwana nawa?"

"Ba maganar kwana ba ce."

Na ci gaba da tauna. 'Yarmu Chizuru ta yi aure tun bara, gidan mu biyu ne da firij, shi ne kuma ya fi mu magana.

"In tafi, ko?" ta ce.

Na dubi fuskarta. Na ga kamar ta riga ta gama shawara, abin da ya rage kawai kada in ba ta wahala. Na ce, "To."

Ta daɗe tana kallona. "To," ta maimaita, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar da ta tafi ta liƙa koriyar takardar nan ta rabuwar aure a jikin firij. Ta cika gefenta, ta buga hatiminta. Gefena yana nan fari. Kullum na je ɗaukar ruwa sai mu haɗa ido da ita. Ban ji baƙin ciki ba, kuma na nemi shi. Nakan zauna in jira, kamar mai jiran atishawa, ba ya zuwa.

Sai dai tun watan Fabrairu Sumie ta kama mana ɗaki na kwana biyu a wani ƙaramin masauki a Karuizawa, garin shan iska a cikin duwatsu, don cikar aurenmu shekara ashirin da biyar a watan Agusta. Na riga na nemi hutu, an ba ni. 'Yan ofis sun riga sun gama tsokanata, wai tsoho zai je angwanci. Da Agusta ya matso suka fara tambaya, "An shirya ko?" ina cewa an shirya.

Ga abin da na riƙe. Sumie ba ta barin abu a buɗe. Mace ce da take komawa daga bakin lif ta duba ko ta kashe gas. Ta soke jaridar da take karɓa, ta mayar da littattafan laburare, har wa likitan haƙori ta buga waya kafin ta tafi. Amma ba ta ce mini ta soke ɗakin Karuizawa ba. Idan ba ta soke ba, watakila tana da niyyar zuwa. Da na buga mata waya na tambaya, da na sani a minti ɗaya. Ban buga ba. Ita ba irina ba ce, in ka tambaye ta gaskiya take faɗa.

Na hau jirgin ƙasa na safe. Sa'a ɗaya da 'yan mintoci muka isa. Da ƙofa ta buɗe mutane suka riƙa fitowa suna buɗe hannu, suna cewa, "Kai, sanyi! Kai, iska!" Wata mata da ta taho kusa da ni ta ce, "Ka ji daɗin iskar nan ko?" Na ce na ji. Iska ce dai.

Masaukin tsohon gidan katako ne a cikin bishiyoyi, ɗaki shida. Mai gidan, Tsuchiya-san, dattijuwa ce 'yar siririya, ta tarbe ni a bakin ƙofa a durƙushe. Na cire takalmi, ta juya shi ta sa a kantar takalma, ta ajiye mini silifa.

"Nonomura-san, sannu da hanya. Tokyo tana dafa mutane ko?"

"Tana dafawa."

"Uwargida ta bugo mana waya ranar Litinin," ta ce.

Na tsaya da ƙafa ɗaya a cikin silifa.

"Ta ce kada a kuskura a ba ka taliyar soba, wai maƙogwaronka kumbura yake yi. Ta ce har matashin kai a canza maka, tunda namu da ƙaiƙayin hatsin soba ake cika su. Mun sa maka na auduga. Ta kuma ce..."

Idonta ya ɗan leƙa bayana, inda ƙofa take a buɗe. Ni kuwa na iya karanta fuska, ko in ce haka nake zato. Na ga tambaya a wurin.

"Tana tafe," na ce. "A jirgin ƙarfe huɗu."

Tsuchiya-san ta rufe baki. Sannan ta rusuna.

"To, madalla. Za mu shirya mata."

A ɗaki na tarar da rigar shan iska guda ɗaya a ninke, da kofin shayi ɗaya. Ba a jima ba ta shigo da ta biyu, mai furanni, da wani kofin, tana ba da haƙuri, wai tsufa ne. Da ta fita na buɗe kabad na ciro matashin audugar na ɗora a cinya. Wata uku ba mu yi magana ba, amma ranar Litinin Sumie tana Niigata tana tunanin maƙogwarona. Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, irin yadda ƙafa take yi in ta mutu jini ya fara dawowa. Na jira ya ƙaru. Ya koma ya kwanta.

Ƙarfe uku da rabi na tafi tasha. Tunda na ce tana jirgin huɗu, ai ya kamata a gan ni na fita tarya. Da na isa kuma sai na ga ba don a gan ni ba ne kawai. Na tsaya a bakin shingen da fasinja suke fitowa. Sumie tana da wata hula mai ruwan toka da take sawa in za ta yi tafiya. Ashe duk matan ƙasar nan da suka haura hamsin suna da irinta. Na ƙirga bakwai a jirgin huɗu. Na jira na bayansa, na ƙirga biyar. Sai na koma.

"Sannu da dawowa," in ji Tsuchiya-san. Ba ta duba bayana ba wannan karon. "Abinci ƙarfe shida ya yi?"

"Ya yi."

"Na mutum..." Ta ɗan ja kalmar, a hankali, tana kallon tabarma. "Na mutum biyu za a kawo?"

Mata ta shirya wa baƙi biyu, ta kawo riga mai furanni, mijinta yana kicin tun rana. Me take so ta ji?

"Biyu," na ce. "Ta shigo ta ƙofar lambu. Tana wanka."

"Af, to. Ta huta sosai."

Abincin ya ɗan makara. Ta kawo tire biyu ta jera su fuska da fuska. Kifin tire na biyu ya fi nawa ƙanƙanta, na ce a raina haka ake yi wa mata. A gefensa akwai kwano da babu a nawa: soba mai sanyi, an naɗa ta tsaf, da yankakken ganyen albasa a kai.

"Na uwargida mun sa mata," in ji Tsuchiya-san. "Ba a zuwa ƙasar soba a koma ba a ci ba. Maigidana ne yake murza ta da hannunsa. Kai dai kada ka taɓa."

Ta ja ƙofa ta rufe.

Na ci nawa. Na tashi na zagaya na zauna a wurin Sumie na ci nata. Daga nan ana ganin lambu, wurin ya fi kyau. Kifi biyu, shinkafa biyu, miya biyu, soyayyen ganye, da wani abu mai santsi da ban gane ba, shi ma biyu. Saura soba. Sumie tana son soba kamar me. Shekara ashirin da biyar ba ta shigo da ita gidanmu ba, ko busasshiya. Ban taɓa tambayarta ko tana fita ta ci a waje ba.

Barin ta a kwano ba zai yiwu ba, mutum ya murza da hannunsa. Na yi tunanin masai, amma akwai takarda a bango, da rubutun hannu mai kyau, tana roƙon baƙi kada su zuba komai don bututun gidan ya tsufa. Na ciro ledar da na zo da ita don kayan dauɗa, na ture taliyar ciki da tsinke, na ƙulle baki, na sa a jaka.

Da ta zo kwashe kwanuka na ce matata ta fita shan iska a lambu. Ta shimfiɗa katifu biyu a kan tabarma, tsakaninsu taƙi ɗaya, ɗaya da matashin auduga, ɗaya da na ƙaiƙayi.

Da safe na yi aiki. Na yamutsa shimfiɗa ta biyu, na danna matashin da gwiwar hannu a cikin riga don ya yi rami. Na jiƙa tawul na biyu na shanya. Na fasa ledar buroshi na biyu na jiƙa shi. Na warware rigar furanni na sake ninkewa yadda Sumie take ninke kaya, gida uku. A ofis ban taɓa yin aiki da natsuwa haka ba. Na karya kumallo sau biyu.

A takardar shirin tafiya da Sumie ta rubuta tun Fabrairu, ranar ta biyu tana cewa: keke, ƙarfe goma, shagon da ke gaban tasha. Na tafi da ledar soba a jaka, da niyyar in jefar a hanya.

Mai hayar keken tsoho ne mai tawul a wuya. Ya duba littafinsa.

"Nonomura... Nonomura... ga shi. Tabɗi. Mai sirdi biyu! Tun Fabrairu aka kama. Wa yake kama keke tun Fabrairu?"

"Matata."

"Na rantse. Tana ina?"

"Tana shagon jam."

"Duk suna shagon jam!" Ya buga cinya. "Shekara arba'in ina ba da hayar keke a garin nan, ban taɓa ganin miji ya zo da matarsa a lokaci ɗaya ba. In za a tashi duniya suna can suna ɗanɗana jam ɗin shafa wa burodi da ɗan cokali." Ya turo keken, dogo kamar tsani. "Ka taɓa hawan irinsa?"

"Na taɓa."

"Ba ka taɓa ba, daga riƙonka na gani. Bari in gaya maka, ɗan'uwa. Ta baya ba ta tuƙi. Ƙafa kawai take ɗorawa tana kallon bishiyoyi. Kada ka yi magana. In ka ji keken ya yi nauyi, tana nan. In ka ji ya yi sauƙi, to, juya ka duba."

Ya yi dariya har da tari. Na taya shi.

Keken ma ba ta soke ba. Na ƙara wannan a kan matashi, ya zama biyu.

Na sa jaka a kwandon gaba na hau. Keke mai sirdi biyu in mutum ɗaya ya hau, fedar baya juyawa take yi ita kaɗai. Na wuce gidajen masu kuɗi da suke rufe a cikin daji, gansakuka ta cinye katangunsu. Na wuce wata coci ana fito da ango da amarya ana watsa musu furanni, ga wasu angon da amaryar a gefe suna jiran layi. Mutane suna juyowa su dube ni, su dubi sirdin baya, su kawar da kai da sauri. Babu wanda ya yi dariya. Mu mutane ne masu tarbiyya.

Kwandon shara kuwa babu. Na san babu, a Tokyo ma babu, amma mutum ba ya lura sai ranar da yake yawo da taliya. A bakin tafki akwai allo yana cewa kowa ya koma gida da shararsa. Na shiga wani ƙaramin kanti, kwandonsa yana kusa da mai karɓar kuɗi, an rubuta na kayan da aka saya a nan ne kawai. Na sayi ruwa na fito.

Na jingine keken a bakin tafkin na zauna a benci. Ruwa ya kwanta, bishiyoyi a sama, bishiyoyi a ƙasa, agwagi suna wucewa. Kowa yana cewa "Kai!" Na duba da kyau, na san yana da kyau, kamar yadda na san yawan mutanen Tokyo.

Wata mata ta zo tana tura keken jarirai, a ciki ɗan kare ne da riga. Karen ya miƙe ya cusa hanci a jakata.

"Maron, bari! Bari mana! Yi haƙuri, malam, ba ya yi wa kowa haka. Me ka ɗauko ne mai daɗi?"

"Abincin matata."

"Ayya, ka ji miji! Maron, ka ji ko? Babanka ko jakata ba ya riƙe mini."

Ta tura karenta ta wuce. Na lura wannan amsar gaskiya ce, kuma ba da gangan na yi ba.

Na je tasha da tsakar rana. Na koma ƙarfe huɗu. Ma'aikacin shingen ya fara gaishe ni da kai. Tsakanin jirgi da jirgi na ciro waya na rubuta wa Sumie: "Za ki zo?" Na daɗe ina kallonsa. Na goge. Na rubuta: "Na gode da matashi." Na aika.

Nan take ya nuna an karanta. Na ga alamar tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Jirgi ya shigo, ya zubar da huluna masu ruwan toka, ya tafi. Sai amsa ta zo.

"To."

Na juya wayar, kamar akwai sauran a baya. Ban sani ba ko irin nawa ne ta dawo mini da shi, ko kuwa to ne kawai. Na sa wayar a aljihu na je na sayi tsarabar ofis, kwalin biskit mai guda ashirin da huɗu, kowanne a ledarsa, da sunan garin a jiki. Na sayi kwalbar jam guda ɗaya. Yarinyar shagon ta ce, "Na uwargida ne?" Na ce eh.

Da na mayar da keke tsohon ya leƙa bayana.

"Kada ka gaya mini. Jam."

"Jam."

"Ta tuƙa kuwa?"

"Ta ɗan taɓa."

"Ƙarya kake, ɗan'uwa, amma na yaba maka." Ya dafa kafaɗata. "Haka ake zama lafiya."

Da yamma Tsuchiya-san ta shigo da tire biyu.

"Uwargida ta ji daɗin soba jiya?"

"Sosai. Ta ce ba ta taɓa cin irinta ba."

"Kwanon kamar an wanke. Na gaya wa maigidana, ya ji daɗi ƙwarai. Yau ya ƙara mata."

Kwanon ya ninka na jiya. Na ce matata tana waya da yayarta a waje. Na ci nawa, na zagaya na ci nata, cikina ya yi tauri kamar ganga. Ba ni da wata leda sai ta shagon jam. Da nake turawa, wani sili ya taɓa mini wuyan hannu. Kafin in ƙulle ledar wurin ya yi ja ya tashi. Na zauna ina kallonsa yana ƙaiƙayi. Tun Mayu wannan ne abu na farko da na ji sosai, don haka ban shafa magani ba.

Safiyar ƙarshe hazo ya sauko daga dutse, mai sanyi, mai laima, ko bishiyar lambu ba a gani. Na yamutsa shimfiɗa, na jiƙa tawul, na jiƙa buroshi, na karya sau biyu. Da na buɗe jaka in sa kaya, sai wari ya taso. Ledar farko ta kumbura. Na yi tunanin sa'a ɗaya a jirgi da ita a kan cinya, mutane suna kawar da kai cikin tarbiyya. Na yi tunanin kai ta gida, in sa a firij, a bayan koriyar takarda, har ranar kwashe shara.

Na ɗauko kayana na fito zaure. Tsuchiya-san ta riga ta durƙusa a wurinta. Ta fito da takalmina ta juya shi yana kallon ƙofa. Ƙafa biyu, nawa. Na dubi kantar takalma. Ga na mutanen ɗaki na ɗaya, na miji da na mata. Ga na ɗaki na uku, har da na yara. Ga gurbin ɗakina. Na tuna da buroshi, na tuna da ramin matashi, amma kwana biyu ban tuna cewa mutum ba ya shiga gida irin wannan da takalmi a ƙafa ba, ko ta ƙofar lambu ce.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ina jin shi ya sa na iya. Na ajiye jaka, na durƙusa a gabanta a kan katako, gwiwoyina suka yi ƙara.

"Tsuchiya-san."

"Na'am, baƙonmu."

"Matata ba ta zo ba."

Muryata ta fito kamar ta wani. Na zaci in na faɗa wani abu zai karye, ko a gidan ko a cikina. Agogon bango ya ci gaba da tafiya. A kicin ana wanke kwanuka.

"Ba ta shigo ta lambu ba. Ba ta yi wanka ba. Ni na ci abincinta." Na ciro ledojin biyu na ajiye a gabanta. "Wannan sobar maigida ce. A ba shi haƙuri. Ban ɗanɗana ba, amma ta yi kyau a ido."

Ta ɗauki ledojin da hannu biyu, kamar kyauta, ta ajiye su a bayanta inda ba zan gan su ba.

"Ayya. Da ka bar ta a kwano."

"Ta bar ni tun watan Mayu," na ce. Tunda an buɗe, gara a ƙarasa. "Na zaci za ta zo. Tunda ba ta soke ɗakin ba, kuma ta bugo waya a kan matashi. Na zaci in na jira a tasha..."

Na tsaya. A shekara hamsin da huɗu wannan ce magana mafi tsawo da na yi ba tare da an tambaye ni ba, kuma na yi ta ne ga matar da na sani kwana biyu. Har na fara tunanin watakila na zama wani mutum. Watakila in na hau jirgi zan iya rubuta wa Sumie wani abu mai tsawo haka.

Tsuchiya-san ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa hannuwanta.

"Ka yi haƙuri da mu," ta ce. "Mun sani."

"Takalmi ko?"

"A'a." Ta ɗago. Ta ga jan da ke wuyan hannuna, ta kawar da ido. "Na fara gaya maka ranar da ka iso, sai ka ce tana jirgin huɗu. Baƙo ya faɗi magana, ni wace ce? Da yamma na tambaye ka, ka ce biyu."

Ta miƙo mini abin sa takalmi. Na sa, na ɗauki jaka da kwalin biskit da kwalbar jam. Ta rako ni har bakin hanya ta tsaya tana rusunawa, kamar yadda ake yi, har hazo ya raba mu.

Ranar Litinin, da Sumie ta bugo musu waya a kan matashi, abu na biyu da ta faɗa shi ne mutum ɗaya ne zai zo.